Fuskar da Ban Zana Ba

A shekarar da mutanen arewacin jiharmu suka kwararo Yola suna gudun 'yan daji, ina koyar da zane a wata sakandaren 'yan mata a Jimeta. Ban yi aure ba a lokacin. Ina zaune a gidanmu na Limawa, ni da mahaifiyata, wadda dukanmu muke kira Dada. Babanmu ya riga ya rasu, yayyena maza kowa ya kama gabansa, gidan ya yi mana yawa. Ɗakin babanmu ma a kulle yake, da keken ɗinkinsa a ciki da tarin takardun da yake fitar da zanen wuyan riga a kansu. A wurinsa na gaji hannun zane.

Wata rana da hantsi Dada ta tafi kasuwa sayen kayan miya, ta dawo a keke mai ƙafa uku da wata doguwar mata da 'ya'yanta biyu, duka mata, babbar ta isa shiga firamare, ƙaramar a goye. A bakin tasha ta tsince su zaune a gindin wata bishiya. Dada ba ta yi mini wani dogon bayani ba. Cewa kawai ta yi in ɗauko makulli in buɗe ɗakin babanmu in share, ga baƙi.

Matar Kirista ce, daga wani gari da ke gindin duwatsu can wajen iyaka. Tana da shagon abinci a tashar garinsu, direbobi sun san ta, mijinta kuma malamin firamare ne. Ranar da aka shiga garin yana makaranta, ita tana shago. Ta kwashi yaran ta bi mutane suka hau dutse, suka faɗa Kamaru, daga can wata motar shanu ta zago da su Yola. Ba ta sake jin labarin mijin ba, ko yana raye ko ya mutu. Ta girme ni da 'yan shekaru, sai na riƙa kiranta Adda, kamar yadda ake kiran yaya a nan. Ita kuma tana ce mini ƙanwata. Hausarta irin ta mutanen can ce, kowa "ya" ne a bakinta, mace da namiji, har da Dada. Da farko abin yana ba ni dariya, daga baya na daina ma lura.

Ƙaramar 'yarta ce ta fi tayar mana da hankali. Tafiyar ta cinye ta. Wuyanta ba ya iya ɗaukar kanta, gashinta ya yi ja, kukanta ma ba ya fita sosai. Ga gudawa da ta ƙi tsayawa.

Ina da aminiya tun muna aji ɗaya a sakandare. Benci ɗaya muka zauna, kwano ɗaya muka ci. Gidansu yana cikin garin Yola, don haka duk ranar da yamma ta yi mata a Jimeta, gidanmu take kwana, Dada ta yi mana kitso tare. Lokacin da maganar aurena ta farko ta lalace, ita ce ta tare a ɗakina har na dawo hayyacina. A wannan shekarar ta samu aiki da ɗaya daga cikin ƙungiyoyin agajin da suka cika gari, masu fararen motoci. Takan zo mana ranar Asabar da katin aiki rataye a wuya, ta cire takalmi ta miƙe ƙafa a tabarmar Dada ta ce a ba ta tuwo.

Zuwanta na farko bayan saukar baƙinmu, ta ga halin da yarinyar take ciki. Ta ce akwai likita a ofishinsu, amma ba ya fita unguwa, in an ɗauki hoton yarinyar a waya ta nuna masa, zai san maganin da zai bayar. Adda ta ƙi. Ta ce ba ta son hoto. Ta ji ana cewa mutanen dajin suna bin diddigin duk wanda ya haɗa kai da masu fararen motoci, in mijinta yana hannunsu, ba ta son a ga fuskarta a wani wuri a huce a kansa. Ban da haka, ta ce, ita mai ciyar da mutane ce a garinsu, ba ta son wani ya gan ta a wannan hali.

Aminiyata ta rantse cewa likita kaɗai zai gani, yana gani za ta goge. Adda ta juyo ta dube ni. Na ce mata, "Adda, ki tsaya a ɗauka. Wannan 'yar'uwata ce, ni na tsaya mata."

Ta tsaya a jikin bangon ɗakin girki da yarinyar a hannu, ba ta kalli wayar ba. Bayan kwana biyu magani ya zo, gudawar ta tsaya. Asabar ɗin da ta biyo baya aminiyata ta nuna mana wayarta, ta ce mu duba, ta goge. Dada ta yi ta sa mata albarka.

Maganin ya tsayar da ciwo, amma abin da ya mayar wa yarinyar jiki kunu ne. Adda ba ta iya zama haka kawai ba, tun satin farko ta karɓe girki daga hannun Dada. Ta ce a sayo mata gero da gyaɗa da waken soya. Kunun gyaɗa ba baƙonmu ba ne a Adamawa, kowane gida ana damawa, amma nata haɗin daban ne. Takan jiƙa waken ta murje ɓawon ta shanya, ta soya kowane iri shi kaɗai a kasko, sannan ta haɗa a kai inji. Garin yakan daɗe bai lalace ba. In za ta dama sai ta ɗebi kaɗan, ta tsaga da ruwan tsamiya, wani lokaci ta barbaɗa garin busasshen kifi. Ta ce haka take yi wa matan direbobi masu yaye a garinsu. Kafin damina ta faɗi yarinyar ta yi kumatu, ta fara bin bango, tana jan zanen Dada.

Aminiyata tana ganin wannan duk sati. Wata Asabar ta zo da magana. Ta ce a sansanoni da unguwanni yara irin wannan ba su ƙirguwa, abincin leda da suke rabawa ba ya isa, kuma yawancin iyayen ba su karatu. Ofishinsu yana son fasta, irin takardar da ake mannawa a bango, mai hotuna da za ta nuna yadda ake haɗa wannan gari daga farko har ƙarshe, yadda mace za ta kalla ta gane ba sai an karanta mata ba. Ta ce ta gaya musu tana da mai zane, tana kuma da mai girki, a gida ɗaya.

Na yi murna ƙwarai. Tun da abin nan ya fara nake jin kaina ba ni da amfani. Ana ta kawo gawarwaki da marayu, ni kuwa ina koya wa yara yadda ake zana tulu. Adda ta ce in dai don yara ne ta yarda, amma da sharaɗi ɗaya: hannuwanta kaɗai zan zana, ban da fuska, ban da yaranta. Aminiyata ta ce ai daman hannu ake buƙata, fuska ba ta dama kunu. Muka yi dariya dukanmu.

Aikin ya ci mana duk hutun makaranta. Na sayo manyan kwalaye farare da fensir da fentin ruwa, na kafa tebur a inuwar ɗakin girki. Adda tana aiki ina kallon hannunta. Hannuwa ne dogaye, masu jijiyoyi, da tabon ƙunar mai a bayan na dama. Sai in ce ta tsaya haka, ta tsaya da faifai a sama tana mita, wai bakace ba a yinsa a tsaye cak kamar soja.

Ban san zanen girki yana da wuya haka ba sai da na shiga. Na farkon da na yi, na jera hotunan daga hagu zuwa dama kamar rubutun boko. Da muka nuna wa Dada sai ta fara daga dama, yadda ta saba da allo, ta ga an sha kunu kafin a jiƙa wake. Na sake, na jero su daga sama zuwa ƙasa, na sa sawun ƙafa ƙanana tsakanin hoto da hoto, kowa ya bi sawun. Ma'auni ma sai da muka yi gardama. Ni na zana kofi, Adda ta ce wa ya gudo da kofi? Gwangwanin madara ake samu ko a bola. Sai na zana gwangwani uku cike da gero, ɗaya da wake, ɗaya da gyaɗa, a jere, kowanne da 'yan ƙwayoyinsa a gefe don a gane shi.

Wurin suya ne ya fi ba ni wahala. Na tambayi Adda yaya take sanin wake ya soyu, ta ce sai ya yi ƙamshi. Na ce ƙamshi ba ya zanuwa. Ta ce to wannan matsalar mai zane ce. Na kwana biyu ina tunani, daga ƙarshe na zana kasko uku: na farko wake fari, na biyu ya yi ruwan ƙasa, na uku ya yi baƙi da hayaƙi. Na kewaye na tsakiya da kore, na ja jan layi a kan na uku. Sai da Adda ta ƙona mini wake da gangan a murhu don in ga kalar, tana yi tana cewa Allah ya yafe mata ɓarnar abinci.

Da muka gama zubin farko muka ɗauka muka kai wata makarantar firamare da aka sauke 'yan gudun hijira a ciki. Muka baza kwalin a ƙasa, mata suka kewaye. Wata tsohuwa ta nuna waken soyana ta tambaya me ya kawo kashin awaki cikin abincin yara. Wata ta ɗauka harshen wutar da na zana fure ne. Adda ta yi dariya har da riƙe ciki, ranar na fara ganin haƙoranta duka. Muka dawo na gyara. Na ƙara duwatsun murhu da itace a ƙarƙashin wutar, na ƙara wa waken girma da ɗan ɗigon cibiyarsa. Zuwanmu na biyu, wata yarinya mai goyo ta bi sawun da yatsa tun daga sama, tana faɗin kowane mataki da yarensu, ba wanda ya ce mata komai. Adda ta taɓa ni da gwiwar hannu ta ce, "Ƙanwata, ya gane."

Hoto na ƙarshe a ƙasa, hannu ne riƙe da ludayi, da wani ɗan ƙaramin hannu yana miƙowa. A sama na bar fili don a rubuta sunan kunun da manyan baƙaƙe. Aminiyata ta zo ranar da na sa fenti na ƙarshe. Ta yi ta yabawa, ta ɗauki ƙaramar yarinyar tana cilla ta sama, ta zauna ta sha kunu kofi biyu. Da za ta tafi ta naɗe kwalin da kanta, ta ce za a kai Abuja a sa a kwamfuta a buga.

Sai da makaranta ta koma, aka yi nisa da zango, sannan fastar ta fito. Ni ban ma san ta fito ba. Wata Lahadi Adda ta tafi coci da yaranta kamar kullum, ta dawo da wuri. Muna tsakar gida ni da Dada muna gyaran zogale. Ta shigo ba sallama, abin da ba ta taɓa yi ba, da wata takarda a naɗe a hannu. Ta durƙusa ta baza ta a kan tabarma, ta danne gefe da gefe da tafin hannu.

Zanena ne, kalolin sun fito fiye da yadda na zata, da sawun ƙafa da gwangwanaye da kasko uku. Amma an matse shi ƙasa. A filin da na bari a sama an sa hotuna biyu na waya. Na hagu shi ne wanda aka ce an goge: Adda a jikin bangon ɗakin girkinmu, idonta a ƙasa, da yarinyar kamar ƙashi a hannunta. Na dama kuma Adda ce tana ba yarinyar kunu, yarinyar da kumatunta, an ɗauka daga gefe ba ta sani ba. Na gane zanen da ke jikinta, ranar da na sa fenti na ƙarshe ne. A ƙarƙashin hotunan an rubuta da Hausa: "Da ba ta san yadda za ta ciyar da 'yarta ba. Yanzu an koya mata."

Adda ba ta iya karatun Hausa sosai ba, amma an riga an karanta mata a bakin coci, a gaban jama'a. An manna fastar a bangon cocin, inda ake rabon abinci. Akwai mutanen garinsu a wurin, waɗanda suka sha cin abinci a shagonta. Ƙanwar mijinta, wadda ita ma ta gudo, ta ce mata a gaban kowa ashe har ta kai ga sayar da hoton 'yar ɗan'uwanta don ta ci tuwo a gidan mutane.

Ba ta gaya mana wannan ba a ranar, daga baya muka ji a bakin babbar 'yarta. A ranar abin da ta ce kawai, tana kallona, shi ne, "Wannan ne hannu?"

Dada ta ture faifan zogale ta yi ta salati a hankali.

Washegari ban je makaranta ba. Na hau keke na tafi ofishinsu, wani gida mai dogon bango da buhunan yashi a ƙofa. Aka caje jakata, aka sa ni jira a benci, sannan ta fito da fara'arta, ta kama hannuna ta ja ni wani ɗaki mai sanyi. Ta ɗauka murna na zo yi. Har ta fara ba ni labarin yadda manyansu suka yaba, wai za a buga da wasu harsuna a kai jihohin maƙwabta.

Na ce mata ai ta ce mana ta goge hoton.

Ta ce ta goge mana, a wayarta. Amma ta riga ta tura wa likita, ya shiga kwamfutar ofis, ita ba ta da iko da abin da ya shiga can. Waɗanda ke sama ne suka ce zane kaɗai ba ya taɓa zuciya, sai an ga mutum na gaske. Ta ce ai ba a sa suna ba, ba a sa gari ba. Ta tambaye ni ko na san yara nawa wannan fasta za ta ceta.

Na zaro fastar daga jaka na nuna mata hoton dama. Na ce, "Wannan fa? Shi ma likita ne ya nema?"

Ta gyara katin wuyanta. Na nuna mata rubutun. Na san manyan nata ba su jin Hausa, ita ce mai rubuta musu. Na ce ta san sarai wa ya koya wa wa. Ta ci a hannun matar nan, ta ga lokacin da take ƙona wake don in ga kala.

"Haba ƙawata," ta ce, "ai salon aiki ne. Haka ake rubutawa. Ki bar ni da Adda, zan zo in lallashe ta, zan kawo mata kaya."

Abin da ya fi ci mini rai shi ne babu kunya a fuskarta. Da ta yi kuka, ko ta ce an tilasta mata, ko ma ta yi mini ƙarya mai kyau, da na sami abin riƙewa. Amma kallona take kamar ni ce na kasa fahimtar wani abu mai sauƙi. Na tuna ranar da ta nuna mana wayar Dada tana sa mata albarka, na tuna yadda ta riƙa cilla yarinyar sama, ashe wayar tana ɗaya hannun tana jiran lokaci. Na roƙe ta a janye fastar. Ta ce an riga an raba, ba a hannunta yake ba, kuma tana da taro yanzu.

Ta zo ɗin kuwa ranar Asabar, da buhun shinkafa da barguna a bayan mota. Adda ta shige ɗaki ta rufe. Dada, wadda ban taɓa jin ta kori kowa ba, ta tsaya a zaure ta ce wa direban kada ya sauke komai. Ta ce wa aminiyata, da Fulatanci, yaren da take komawa in ranta ya ɓaci, cewa ta yi mata kitso da hannunta, ba ta san abin da take shafa wa mai ba ke nan. Motar ta juya da kayanta.

Na yi wani abu a satin da har yanzu ban san ko yana da amfani ba. Na haɗa shuɗin fenti a gwangwani, na ɗauki buroshi, na bi wuraren da na san an manna. A asibitin unguwarmu wata nas ta saurare ni, ta kawo mini kujera na taka, na shafe hotunan biyu da rubutun, na bar zanen. Haka na yi a bangon cocin, da makarantar da muka je gwaji. A wani sansani mai gadi ya kore ni, ya ce kayan ofis ne. Daga baya wani direba ya gaya mini ya ga fastar a garuruwan da ke kan hanyar arewa, duk inda sojoji suka buɗe. Na ajiye buroshin.

Adda ba ta yi mini faɗa ba ko sau ɗaya. Ta ci gaba da girki, tana gaishe ni da safe, amma ta daina fita, ko coci ba ta zuwa. In an buga ƙofa sai ta ja yaranta ɗaki. Wata rana ta durƙusa gaban Dada ta yi godiya mai tsawo, ta ce wasu mutanen cocinsu sun samu gona a Vinikilang, can ƙetaren kogi, za ta bi su. Dada ta yi roƙo har da hawaye, ta ce laifin wani bai kamata ya raba su ba. Adda ta ce ba fushi take ba, bangon gidan ne yake cikin hoton, duk wanda ya san gidan ya san inda take. Ta share ɗakin babanmu tas, ta mayar da makulli a hannun Dada.

Na bari ta ɗan kwana biyu a can, sannan na haye gada na je. Na same ta a bakin wata gonar masara kusa da kogi, ta yi baƙi, ta rame. Ta shimfiɗa mini buhu, ta aiki babbar 'yarta ta kawo ruwa. Ta tambayi jikin Dada, ta tambayi makaranta. Malama take ce mini. Na zauna na ba ta labarin komai, zuwana ofis, da abin da na faɗa, da fentin da na bi na shafa. Ta saurara har na gama, tana ɓare wata masara da babban yatsa.

"Na ji, Malama," ta ce. "Na san ba kai ne ya ɗauka ba. Amma kai ne ya ce in tsaya."

Ta cika mini leda da ɗanyar masara in kai wa Dada. Na koma sau biyu bayan haka, tarbar ba ta canja ba. Zuwana na gaba aka ce sun koma garinsu tun da hanya ta buɗe. Mijin dai bai dawo ba. Ko fastar ta kai inda yake, ko ba ta kai ba, ko ma ya riga ya mutu tun ranar farko, babu wanda ya sani, kuma na daina yarda in bi wannan tunanin.

Aminiyata ta samu ƙarin girma aka mayar da ita Abuja. Ta kira ni sau da yawa ban ɗauka ba, har ta gaji. Na yi aure, na haihu, ina nan ina koyarwa a makarantar. Ɗalibaina yanzu a waya suke haɗa irin wannan zane, su gama kafin a tashi.

Bara Dada ta rasu. Ana zaman makoki sai ga aminiyata ta shigo, ta yi ƙiba, da gilashi a ido. Ta faɗa jikina tana kuka, kuma na san kukan gaske ne, don ta so Dada. Ta zauna cikin mata har la'asar. Ina jinta daga inda nake tana ba wasu baƙi labarin zamanin gudun hijira, yadda ni da ita muka yi wata fasta a tsakar gidan nan wadda har yanzu ake misali da ita a wurin aikinsu. Ba ta ambaci mai girkin ba. Na ci gaba da karɓar gaisuwa, gidan makoki ne.

Da za ta tafi ta ja ni gefe. Ta ce ta san ba lokacinsa ba ne, amma suna shirin wani sabon aiki a kan miyar zogale, wanda za a riƙa turawa ta waya, kuma ni ta fara tunawa. Ta ce abin da ya wuce ya wuce, mun girma. Ta danƙa mini katinta. Na ce na gode da zuwa, Allah ya ba da lada. Na raka ta iyakar zaure na dawo.

Na aika wa Adda labarin rasuwar ta hannun wani direba ɗan garinsu, ban sa rai da komai ba. Bayan an share makoki da 'yan makonni, wata budurwa doguwa ta yi sallama da ƙullin gyaɗa a ka. Sai da ta faɗi ko ita wace ce na gane babbar 'yar Adda ce, ta zo Yola ɗaukar takardar makaranta. Ta durƙusa ta yi mini gaisuwa da Hausa mai kyau. Ta ce mamanta ta so zuwa, ƙafa ce ta hana ta, ga kuma shago, don ta sake buɗewa a tasha. Ƙanwarta tana makaranta, ta fi kowa tsawo a ajinsu.

Na kawo mata abinci ta ci kaɗan, ta ce mota za ta bar ta. A bakin ƙofa na tambaye ta ko mamanta ta ba ta wani saƙo gare ni. Ta ɗan yi tunani, kamar mai son ta faɗi daidai abin da aka ce mata.

"Ta ce a gaishe da mutanen gida duka."